Motar Da Ta San Mai Ita

Inna tana shanyar wanki ta ji ƙarar faɗuwar makulli a kan tsakuwa, ko waigawa ba ta yi ba. Shekara da shekaru haka mijinta yake. Kullum safiya, da ya isa ƙofar direba sai makullin mota ya suɓuce masa, ya durƙusa yana laluben ƙasa yana gunaguni. Ta yi masa tsiya har ta gaji. Mutumin da yake cicciɓar buhun siminti kamar matashin kai, a ce ɗan makulli ya fi ƙarfinsa! Shi kuwa sai ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce tsufa ne, ita ma tana nan tafe.

Ta shanya zane, ta shanya riga, ta matse wandon aikinsa, har yanzu ba ta ji inji ya tashi ba. Da ta leƙa ta bayan igiya sai ta hango shi kife a gefen mota, kunci a ƙasa, hannunsa na hagu a miƙe can ƙarƙashin motar har kafaɗa.

“Auta! Auta, fito! Babanka!”

Auta ya fito a guje ba takalmi. Ƙato ne yanzu, da gemunsa da iyalinsa a cikin gari, kwana ɗaya kawai ya zo yi don ya duba mahaifiyarsa. Suka kama tsohon za su janyo shi, amma hannun nan ya damƙe wani ƙarfe a ƙasan mota ya ƙi saki, sai da Auta ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da suka juya shi rigingine, zuciyar Inna ta tsinke. Bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma, idanunsa a buɗe tar suna kallonsu. Ya buɗe baki zai yi magana, ba abin da ya fito sai gurnani da yawu.

“Hawan jinin nan ne, Inna,” in ji Auta. “Haka ya yi wa maigidana na gareji. Likita ya ce wannan ciwo ba ya jiran kowa, kana zaune yana cin ƙwaƙwalwa. Asibiti za mu, yanzu-yanzu.”

To amma asibiti ba a bayan ɗaki yake ba. Mai Akori, haka kowa yake kiran tsohon saboda farar akori-kurarsa mai shan dizal da yake jigilar bulo da yashi da ita, mutum ne da ba ya son hayaniya. Shi ya sa ya je ya gina gida can bayan inda kwalta ta ƙare, bayan lambuna, inda ko mai talla ba ya zuwa. Maƙwabcinsu ɗaya mai mota, shi ma ya yi tafiya. Auta ya ɗaga waya sama yana neman layi, ya kira wannan ba ta shiga ba, ya kira wancan ta katse. Ya sunkuya ya ɗauki makullin daga cikin tsakuwa, sai kuma ya tsaya yana kallonsa a tafin hannu. Inna ta san abin da ya tsayar da shi, don da ita aka yi.

Auta ta haifa bayan ta fid da rai da haihuwa, ta kuwa shagwaɓa shi son ranta. Yana tasowa ya koyi zura tiyo a tankin ubansa ya zuƙi dizal ya kai bakin titi. Ita take wanke rigunan da suke warin mai kafin maigida ya dawo. Ita take zaro makulli daga aljihun rigar uban in ya kwanta hutun rana, ta miƙa wa yaron ta taga, wai ya ɗan zaga da abokai ya dawo. Ranar da ya jefa motar cikin kwalbati, abokinsa ya karye a cinya, ita ta tsaya ta rantse cewa ba ta san yadda aka yi ya samu makulli ba. Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa, sai dai ita wannan uwar tare jifan take yi da gabanta tana cewa bai yi komai ba.

Mai Akori bai yi duka ba, bai yi zagi ba. Ya gyara motarsa shi kaɗai cikin rumfa, ya daɗe yana walda. Daga nan sai wani abin mamaki ya fara. Duk ranar da Auta ya saci mota, za ta tashi lafiya lau, ta ɗan yi tafiya, sai ta yi tari ta mutu murus. Can sai ga uban yana tahowa a ƙafa, hannu a goye a baya kamar mai yawon shan iska, ya ce wa yaron ya kama hanyar gida kuma kada ya waiwayo. Kafin Auta ya isa ƙofa, motar ta wuce shi tana gurnani. In an tambayi tsohon sai ya ce, “Motata ta san mai ita.” Mutane suka ce asiri ya yi mata, bai taɓa musawa ba. Inna ma da ta matsa masa da tambaya, dariya kawai ya yi ya ce ta ƙaro masa ruwa.

Haushin wannan abu ne ya kori Auta zuwa cikin gari. Ya shiga garejin manyan motoci ya koyi aikin injin dizal har ya ƙware, yanzu layi ake yi a rumfarsa. Ya natsu, ya yi aure, ya daina duk wata shashanci. Amma har yau uban bai taɓa miƙa masa makulli ba, kuma gaisuwarsu ba ta wuce ina kwana da ya iyali.

“Me kake kallo?” Inna ta daka masa tsawa. “Ɗauko katifa!”

Suka shimfiɗa katifa a bayan mota, suka cicciɓi tsohon suka kwantar. Inna ta hau ta ɗora kansa a cinyarta, ta lulluɓe shi da zane saboda rana. A lokacin ne ta lura da hannun hagun. Tun da aka ɓamɓare shi daga ƙarfen bai huta ba, sai murɗawa yake yi, yatsu suna tsinkar iska. Ta taɓa ganin irin wannan, ranar da mahaifinta zai cika, haka hannunsa ya yi ta tsinkar bargo har rai ya fita. Ta kama hannun ta cusa shi ƙarƙashin zane, ta danne da hannuwanta biyu.

“Ba inda za ka, Malam,” ta ce. “Ka ji ni? Ka natsu. Ba inda za ka ka bar ni.”

Auta ya murɗa makulli, inji ya tashi bugu ɗaya. Inna ta yi hamdala da ƙarfi. Suka fita daga gida, suka wuce lambuna, hanya tana jijjiga su, tana tare kan mijin da ƙirjinta. Har ta fara cewa a ranta yau dai motar ta ji tausayi. Suna gangarawa cikin kwarin da ake ɗibar yashi, inda ba gida gaba ba gida baya, sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Motar ta yi fizga kamar akuyar da aka ja wa igiya, ta gangara kaɗan da nauyinta, ta tsaya cak.

Shiru ya sauka, har Inna tana jin numfashin mijinta yana fita da ƙara. Auta ya murɗa makulli, injin ya juya ya juya bai kama ba. Ya sake murɗawa. Ta gilashin baya ta ga ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

“Auta!”

“Ta ƙi ni, Inna.” Muryarsa ta koma ta yaro. “Yau ma ta ƙi ni.”

“Ta ƙi ka a gidan uban wa? Ba aikinka ba ne? Ba kai ne ake bin layi a rumfarka ba? Sauko ka duba mini motar nan!”

Ya sauko, ya zaro akwatin kayan aikin uban daga bayan kujera, ya ɗaga murfin inji. Irin na makanikai, yana aiki yana magana, rabi da ita rabi da kansa. Ya ƙwanƙwasa tanki da sufana ya ji shi a cike. Ya taɓa wayar da take buɗe wa mai hanya zuwa inji, ya kunna ya kashe, ya ji tana ƙas yadda ya kamata. Ya zura kai ƙarƙashin sitiyari yana bin wayoyi da yatsa, don ya daɗe da zargin cewa wani makunni uban ya ɓoye a can, irin wanda masu tsoron ɓarayi suke sakawa. Bai ga ko waya ɗaya da ba ta asali ba.

“To iska ta sha,” ya ce. “Injin dizal in ya shaƙi iska a madadin mai ba ya tashi sai an fitar masa da ita. Minti kaɗan, Inna.”

Ya kwance ɗan notin da yake kan filta, wato matatar mai, ya ɗora tafin hannu a kan famfon hannu da yake samanta ya danna. Famfon ya nutse, ya ƙi tasowa. Ya jawo shi da farce ya sake dannawa, ya sake nutsewa ya lafe. Ko ɗigo bai fito ta notin ba. Inna ba ta san kan inji ba, amma ta san fuskar ɗanta, kuma ta ga yadda ta canja.

“Mene ne?”

“Mai ba ya tahowa daga tanki. Wani abu ya toshe hanya.”

Ya zare tiyon da yake kawo mai, ya sa a baki ya zuƙa har kumatunsa suka lotsa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Kumfa kawai ya samu mai ɗaci, ya tofar. Ya buɗe murfin tanki ya ce ta kasa kunne, shi zai hura ta tiyon, in ta ji mai yana ɓulɓula ta faɗa masa. Ta karkata kai iyakar iyawarta ba tare da ta saki hannun mijin ba. Ya hura har idanunsa suka yi ja. Ba ta ji komai ba sai kukan wani tsuntsu a nesa.

Auta ya zagayo ya leƙo bayan mota, gemunsa yana ɗigar da gumi da dizal. Rabonsa da ya kalli ubansa ido cikin ido an jima.

“Baba, don Allah. Na san akwai abin da kake yi mata. Ina yake? Ka nuna mini ko da ido ne.”

Tsohon ya yunƙura, bakinsa ya yi ta rawa, gurnani ya fito. Idanunsa suka yi ƙasa wajen cikinsa, suka dawo kan Auta, suka sake yin ƙasa. A ƙarƙashin zane hannun ya ƙara fizga kamar kifi a cikin raga, Inna ta ƙara dannewa har ta ɗora gwiwar hannunta a kai.

“Ka daina wahalar da shi,” ta ce. “Ba ka ganin halin da yake ciki? Je ka yi abin da ka sani.”

Ya kwanta a yashi ya shige ƙarƙashin mota yana bin bututun mai da hannu tun daga bakin tanki. Can ta ji ya ja tsaki mai tsawo. Ya ce bututun ya shige cikin dogon ƙarfen da yake ɗauke da motar, kuma an bi an like wurin da walda, ba ta inda ido zai gani. Babu motar da take fitowa haka daga kamfani.

Ana cikin haka sai ga mai babur ya ɓullo daga gangare, ya yi lodin kwandunan ganye har sun fi kansa tsawo. Inna ta ƙwala masa kira kamar za ta tsage maƙogwaro. Bawan Allah ya tsaya, ya leƙa, ya yi salati. Ya ce a ɗora masa tsohon, amma da suka dubi yadda jikin ya saki, kowa ya san ko igiya aka ɗaure shi da ita ba zai zauna a babur ba. Ya ce to a ɗebi mai a tankinsa. Auta ya ce masa fetur ba ya yi wa wannan injin komai sai ɓarna. Mutumin ya yi alkawarin zai tsaya a bakin kwalta ya tare duk motar da ya gani ya turo ta, ya ja babur ɗinsa ya tafi. Suka bi shi da kallo har ya ɓace. Inna ta san masu motar bakin kwalta, ba mai yarda ya sako motarsa cikin wannan yashi don wani tsoho da bai sani ba.

Rana ta ɗaga, ƙarfen mota ya fara ƙuna. Numfashin Mai Akori ya ƙara nauyi, idonsa na dama ya rufe rabi. Inna ta goge masa yawu da gefen mayafi, tana kiran sunan Allah, tana kiran Malam, Malam, don kada ya yi barci.

“Na samo dabara,” in ji Auta, ya fito daga ƙasan mota da sauri. “Ba ruwana da bututunsa. In na samu mai a jarka, sai in haɗa shi kai tsaye da filta. Zai kai mu.”

Ya ɗauki jarkar ruwan da uban yake ajiyewa saboda inji, ya tsiyaye ta a ƙasa. Ya fizgo wani siririn tiyo daga gefen inji, ya zura shi a bakin tanki, aikin da ya iya tun kafin ya iya wanke wa kansa riga. Tiyon ya shiga tsawon yatsa ya tsaya. Ya juya shi, ya tura, ya ƙi. Ya haska ciki da fitilar waya, sai ga raga ta ƙarfe an yi mata walda a maƙogwaron tankin. Ya ɗauki sufana ya sake kwanciya, ya nufi notin da ake tsiyaye tanki ta ƙasa. Shi ma an zagaye shi da walda, ya zama ɗaya da jikin tanki.

Auta ya fito ya zauna dirshan a cikin yashi, sufana a hannu. Sai ya fashe da wata irin dariya da ta fi kuka ciwo.

“Kin gani, Inna? Raga saboda ni. Walda saboda ni. Duk ƙofar da na taɓa bi ya bi ya toshe. Yau ga shi kwance, ni kaɗai ne zan fid da shi, kuma ya kulle ni a waje.”

Kowace walda da ya ambata Inna ta san ranarta, ta san ƙaryar da ta yi a ranar. Tsoro ya cika ta, kunya kuma ta zo ta zauna a kan tsoron. Mutumin nan da ta kwana da shi ɗaki ɗaya fiye da rabin rayuwarta zai mutu a cinyarta a cikin kwarin yashi, da tanki cike da mai a ƙarƙashinsu.

“Tashi,” ta ce da ƙyar. “Ba lokacin wannan ba ne. Ka fasa tankin in ya kama.”

Auta ya share fuska. Ya ɗauko babban sukundireba da ƙarfen kwance taya, ya kafa tsinin a gefen tanki ya fara duka. Tankin na da ne, mai kauri, sukundireba sai zamewa yake yi. Kowane bugu sai ya ratsa jikin motar ya shiga ƙashin Inna. A bugu na farko tsohon ya zabura. A na gaba ya yi wani irin gurnani da ba ta taɓa ji daga bakin ɗan Adam ba, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa a ɓari guda. Tafin Inna ya jiƙe da gumi, hannun ya suɓuce mata ya fito daga zane.

Ta kai hannu za ta sake kama shi, sai shi ya riga ta. Ya cafke wuyan hannunta, babban yatsa da manuni suka matse ƙashin, suka murɗa gefe ɗaya, suka tsaya. Suka saki, suka koma, suka sake murɗawa gefen nan dai, daidai gwargwadon na farko. Inna ta tsaya tana kallo. Hannun mahaifinta a ranar nan lalube yake yi ba kan gado, wannan kuwa abu ɗaya yake maimaitawa.

Hannun ya sake ta, ya ja jiki a kan katifa, ya haura gefen mota da ƙyar ya leƙa waje ta ɓangaren direba. Yatsun suka dunƙule kamar sun riƙe wani ɗan abu, sannan suka buɗe suka sake shi ƙasa. Suka dunƙule, suka buɗe. Inna ta ji ƙarar faɗuwar makulli a kan tsakuwa a cikin kanta, ta kowace safiya, da durƙuson, da kaɗe gwiwar, da inda suka tarar da hannun nan ɗazu har sai da aka ɓamɓare shi.

“Auta, tsaya! Bar dukan nan! Makullin ba suɓuce masa yake yi ba!”

“Me kika ce?”

“Je ka ƙofar direba ka durƙusa inda yake durƙusawa. Zura hannunka inda muka ciro nasa. Akwai abin da ake murɗawa.”

Auta ya dubi uwar, ya dubi hannun uban da yake reto a gefen mota yana murɗa iska. Ya yar da ƙarfen ya ruga. Ya durƙusa, ya kwantar da kunci a jikin ƙofa, ya zura hannun hagu har kafaɗa. Ya yi ta lalube, sai ya zaro wani guntun robar taya da aka toshe rami da shi a bayan dogon ƙarfen nan. Ya mayar da yatsu cikin ramin.

“Ga shi,” ya ce a hankali. “Kan famfo ne, Inna, ɗan ƙarami irin na bututun ruwa. Har ya yi santsi.”

Ya murɗa. Ya zagaya gaba da gudu ya mayar da tiyon da ya cire, ya danna famfon hannu. Wannan karon famfon ya taso ya bi tafinsa. Ya yi ta dannawa, kumfa ta fara tsartuwa ta notin filta, fara fat, sannan ta koma mai zalla yana gangarowa a yatsunsa. Ya ɗaure notin, ya sassauta na bututan da suke kai mai kan inji, ya shiga ya murɗa makulli. Batir ya riga ya gaji da murɗe-murɗen ɗazu, injin ya juya a kasalance kamar mai tashi daga zazzaɓi. Ya fito ya ga mai ya tsattsafo, ya ɗaure, ya koma. Inna ta rufe ido. Injin ya juya, ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sannan ya kama da wata ƙara da baƙin hayaƙi da ya turnuƙe su.

Hannun da yake gefen mota ya daina murɗawa. Inna ta ɗauko shi ta dawo da shi kan ƙirjinsa, amma ba ta danne ba.

Motar ta haura gangaren tana zabga gudu. Inna ta sunkuya kusa da kunnen mijin don iska tana kwashe magana.

“Malam, shekara nawa, ba ka faɗa mini ba? Ni ce fa.”

Tana rufe baki ta ji amsar a ranta, don ba ta da wahala. Da ya faɗa mata da safe, da kafin rana ta faɗi Auta ya ji. Ba ɓarawo ya kulle wa motarsa ba, kuma ba Auta kaɗai ba. Idon tsohon na hagu yana kanta, babu faɗa a cikinsa. Yatsunsa suka ɗan matse nata. A bakin kwalta suka wuce mai babur yana tsaye har yanzu yana ɗaga wa motoci hannu, kwandunansa a rana. Bayan nan kaɗan ta ji matsin ya sassauta, idon ma ya rufe.

A asibiti aka tare su da gadon turawa, aka shige da shi. Inna da Auta suka zauna a kan benci a baranda, suna warin dizal har mutane suna matsawa. Can likitar ta fito, wata matashiya mai sanyin murya, ta tambayi lokacin da abin ya fara. Auta ya faɗa mata. Ta dubi agogon bango, ta ce, “Da an samu kawo shi tun…” sai ta ga fuskar Inna ta haɗiye sauran. Ta ce yana numfashi da kansa, kuma rai a hannun Allah yake, amma ciwon ya ci wuri da yawa, kada su sa ran magana. Ko zai farka ya gane mutane, wannan sai an ga abin da kwanaki za su yi.

Da aka bar su suka shiga, sun same shi an wanke masa fuska, an sa masa ƙarin ruwa a hannun dama. Auta ya tsaya a ƙafar gado yana juya makullin mota a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba. Ya miƙa wa uwar.

“Riƙe,” ta ce. “Ai ya riga ya ba ka.”

“Inna, ni na ja. Da ban zama abin da na zama ba…”

“Tun daga gida yake faɗa mana,” ta katse shi. “Tun daga ƙofar gida, Auta. Hannun nan ne kaɗai bakin da ya rage masa, ni kuma na hau kai na zauna.”

Auta ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Inna ta jawo kujera ɓangaren hagu na gadon. Ta ɗaga hannun mijinta a hankali, mai kanta da tabon walda da baƙin mai a ƙarƙashin farce, ta shimfiɗa tafinta a kan katifa, ta ɗora nasa a sama yadda ba abin da zai tare shi.

“Ina ji yanzu, Malam,” ta ce. “Faɗi duk abin da kake so.”

Ta zauna tana jira. Hannun yana kwance a kan nata da ɗuminsa, bai motsa ba.